Injin Ruwan Jego na Malam Lurwanu

Tun da aka kafa garin Diffa an yi fari, an yi farin ɗango, Komadugu ta cika ta shiga gonakin mutane, ta kuma ƙafe ta bar su da yashi. Amma in ka tambayi Malam Lurwanu, duk waɗannan wasan yara ne. Zalunci na gaske, wanda ya kamata a rubuta a riƙa koya wa 'yan lakwal a aji, shi ne wanda aka yi masa a sanyin shekarar dubu biyu da uku. Kuma ba soja ne ya yi masa ba, ba ɗan duwan mai tare kaya a kan iyaka ba. Wata allura ce 'yar firit, ba ta kai tsinken sakace ba, tana zaune cikin gilashi, ba ta neman ci ba ta neman sha, aikinta ɗaya ne tak, ta tsaya a tsaye. Ta ƙi.

Malam Lurwanu mutumin Damagaram ne, ya fi shekara ashirin yana sayar da ƙwan lantarki da kwaɗo da wayar kuran, wato ta wutar lantarki, a wani shago kusa da kasuwa. Daga sayar da waya ya ba kansa sunan Injiniya. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya samu ƙarfin sauke shi. Gemunsa kullum a gyare, hularsa kullum a karkace, kuma ko fitilar hannu ya canja wa batir sai ya goge hannu da tsumma ya yi ajiyar zuciya.

Wani Annasara mai aiki da manoman tattasai ya gama wa'adinsa zai koma ƙasarsu, aka yi gwanjon kayan gidansa. Mutane suka kwashe kujeru da firij da katifu. Malam Lurwanu kuwa ya rungumo wani farin akwatin ƙarfe mai tiyo a gindi da ɗan agogo a goshi, injin dafa ruwa, wanda masu boko ke ce wa shofo. Gardin gidan ya biyo shi har bakin ƙofa.

"Malam, wannan agogon ba na lokaci ba ne, na ƙarfin ruwa ne. Ka buɗe ɗan robinen nan, wato makunnin ruwan, ruwa ya shiga har allura ta hau kan kore, sai ka rufe. Muddin tana kan kore, zai ba ka ruwan da zai saɓule fatar akuya. In ta faɗo kan ja, kashe kansa yake yi."

"Ni za ka koya wa inji?" in ji Malam Lurwanu. "Tun kana rarrafe nake cikin waya."

Ya kafa injin a jikin katangar ƙasa da ta raba gidansa da na maƙwabciyarsa Ya Fatime, wata dattijuwar Babarbariya da ke yi wa matan unguwa wankan jego. Ya haƙa rami a cikin katangar, ya binne tiyon, ya shafe da laka sumul, don a cewarsa a gidan Annasara ba a ganin hanjin gida a waje. Famfo ya fito da kansa a gefen makewayi. Sai jiran ranar nuni.

Ranar ba ta daɗe ba. 'Yarsa Raliya, wadda ke aure a Geskeru, ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, namiji. Washegari da hantsi, Malam Lurwanu na zaune a fadarsu ta masu hira a ƙofar gidansa ana zuba shayi, sai ga amalanken shanu maƙare da itace. A gaba Ba Kolo ne, uban mijin Raliya, manomin tattasai, dogo, marar yawan magana.

Bayan an gaisa an yi barka, Ba Kolo ya nuna kayan. "Malam, itacen jego ne. Kwana arba'in, safe da yamma. Da kaina na zaɓa, duk busasshe."

Malam Lurwanu ya tashi ya zagaya amalanken, ya zaro ƙirare ɗaya, ya shinshina, ya mayar.

"Allah ya saka da alheri, Ba Kolo. Amma wannan zamanin ya wuce a gidana. Jikanmu ba zai buɗe ido cikin hayaƙi ba. A mayar da shi."

'Yan fada suka ajiye kofuna.

"A mayar da itacen jego?" in ji Ba Kolo. "A Geskeru ko gaba kake yi da mutum ba ka mayar masa da shi."

"A Geskeru ba ku da shofo."

"Ba mu da shi. Muna da wuta."

"Wuta ai ko mahaukaci na da ita. Ni murɗawa kawai zan yi, ruwa ya fito yana tafasa, ba toka, ba tari, ba baƙin gindin tukunya."

Ba Kolo ya ɗaga yatsansa manuni, wanda noman rani ya mayar kamar saiwa.

"Ranar suna zan sa wannan a bakin famfonka gaban mutane. In ya ƙone ni, zan kira ka Injiniya da bakina. In bai ƙone ni ba, amalanken da ya kawo rago shi zai koma da yarinya da jaririn, ta ƙarasa wankanta a gidana."

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ɗauke mai jegon fari daga gidan ubanta saboda an rasa ruwan zafi, abu ne da za a riƙa faɗa wa jaririn nan har ya yi furfura. Ɗaya daga cikin 'yan fada ya taka wa Malam Lurwanu ƙafa a ɓoye. Shi kuwa ya janye ƙafarsa ya gyara hula.

"Ka zo da yatsan da ba ka so," ya ce.

Amalanke ya juya ya bi lungu.

Ranar farko kam injin ya yi abin kirki. Allura ta hau kore ta tsaya ƙyam, famfo ya yi tari sau biyu ya fara aman tururi. Ya Fatime ta tara bokiti, ta tsoma ganyen dogon yaro, ta fyaɗa a hannunta, ta yi tsaki ta ce, "Ba laifi." A bakin Ya Fatime wannan kirari ne. Malam Lurwanu ya yini yana shigo da mutane ɗaya ɗaya suna kallo, har da mai tallar kifi da ya zo wucewa.

Washegari da safe ya tarar da allura kwance kan ja kamar an yi mata rasuwa. Ya buɗe ɗan robine, ta miƙe. Kafin la'asar ta sake kwanciya. Kwana na uku kuwa, tsakanin shayi na farko da na biyu ta sauka.

"Wa ya taɓa min inji?" ya tambayi matarsa Maimunatu.

"Malam, wa zai taɓa? Ko kaza ta bi ta wurin sai ka tambaye ta takarda."

"To hassada ce. Na shigo da idanu da yawa."

"Kai ka shigo da su. Ni dai yarinya na jiran wanka."

Ya zargi hassada, ya zargi tankin ruwan gari, ya zargi Annasara da sayar masa da inji mai kewar gida. Da zargi ya ƙare allura ba ta tashi ba, ya aika a kira Kalli, makanikin da ke gyara wa manoman bakin kogi injinan ban-ruwa. Ya ce ba shawara yake nema ba, so yake Kalli ya ƙaru.

Kalli ya durƙusa, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.

"Injiniya, ruwan da ke cikin nan a kulle yake, zagaye kawai yake yi. In allura na sauka, to ruwa na fita ta wani wuri. Ko ta ɗan bakin nan da ke tofar da ruwa in ƙarfi ya yi yawa, ga shi kuwa a bushe. Ko jan tulun da ke ciki ya sace iska, na buga shi, lafiyarsa lau. Saura tiyo. Ina ka bi da shi?"

"Cikin katanga."

"To a fasa katanga a nemi inda ya jiƙe."

"Katangar da na shafe da hannuna? Kalli, ka taɓa ganin shafe irin wannan a Diffa?"

"Ban taɓa ba. Amma ruwa ba ya kallon shafe."

"Tiyon da na haɗa ba ya yoyo. Allurar ce mai raunin zuciya. Irin ta ƙasar sanyi ce, ba ta saba da tsayuwa ba."

"A kullum kana ƙara masa ruwa yana shanyewa. Ina kake jin yake kai shi?"

"Kai da ka saba da injin kwaɗi da taɓo, ba za ka gane na cikin gida ba. Sha shayinka."

Da Kalli ya tafi, Malam Lurwanu ya yi wa allura maganin raunin zuciya. Ya ɓalle gilashin da bakin wuƙa, ya ɗaga ta da tsinke ya kai ta tsakiyar kore, ya ɗiga mata jiƙaƙƙen ƙaro, ya riƙe har ya bushe. Ya mayar da gilashi, ya ja da baya, ya dube ta. Tsaye take kamar soja a fareti.

Injin dai bai kama ba, ɗan fitilarsa bai ko ƙyafta ba. Amma da yamma, yana dawowa daga shago, sai ya ga tururi na tashi daga makewayi, ya ji ƙarar fyaɗa ganye, ya ji Raliya na cewa, "Ya Fatime, a hankali, zai dafa ni." Ya tsaya tsakar gida ya riƙe ƙugu. Wato injin ya kai matsayin da ko ba wuta yana aiki. Ya koma fada ya ba da labari, ya ƙara da cewa shi kansa Annasaran bai san wannan dabarar ba.

Kwana na biyar Ya Fatime ta tare shi a zaure.

"Injiniya, katangarka na gumi."

"A wannan sanyin?"

"Shi ya ba ni mamaki. Ta wajena ta jiƙe sharkaf. Har gero ya tsiro a jikinta."

"Gero a katanga? Ya Fatime, ai albarka ce. Mutane na wahalar zuwa gona, ke an kawo miki har ɗaki."

"In ta faɗo min a kai, ita ma albarka ce?"

"Randarki ce kika jingina."

"Randata na ɗaya gefen tun kafin ka zo garin nan da buhun wayarka."

"To ki rage tofa addu'a a jikinta."

Ya Fatime ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafi ta shige.

Ana gobe suna, shaiɗan ko mala'ika ya raya masa ya gwada famfon da kansa. Ya murɗa, ya tara hannu. Ruwa ya zubo mai sanyin da ya ji shi har cikin haƙori. Ya dubi allura, tana kan kore tana kallonsa. Ya kira Maimunatu cikin raɗa.

"Tururin nan da nake gani kullum, daga ina?"

"Albarkar injinka ce, Malam."

Ya buɗe baki zai ƙara tambaya, sai ya ga yadda take kallon ƙasa tana danne dariya, ya fasa. Akwai amsar da mutum mai daraja ba ya nema ana gobe taro. Abin da ke gabansa shi ne yatsan Ba Kolo, kuma yatsan ba makewayi zai shiga ba, bakin famfo zai zo.

Ya zauna ya yi tunani irin na manyan injiniyoyi. In ruwa guduwa yake yi, sai a tura masa wanda ya fi ƙarfin gudunsa. Ya je wajen Kalli ya ari injin ban-ruwa da dogon tiyo.

"Na me?" in ji Kalli.

"Cika gangunan suna."

"Ganguna kawai?"

"Sai me kuma? Tattasai zan shuka a tsakar gida?"

Ya ajiye ganga cike da ruwa a gindin katanga, ya tsoma bakin tiyo ɗaya a ciki, ya ɗaure ɗayan a inda ɗan robine yake da robar taya, ya ƙara da waya. Ɗan bakin nan mai tofar da ruwa kuwa, ya feƙe itace ya toshe shi da guduma, don kada ya yi masa ɓarna gaban baƙi.

Ranar suna ƙofar gida ta cika. Liman ya raɗa wa yaro suna Habibu, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino, aka yanka ragon da amalanke ya kawo. Amalanken na nan tsaye a inuwa, ba a kwance shanun ba. Ba Kolo ya miƙe, ya naɗe hannun riga.

"Malam, ga yatsa."

"Bismillah. Jama'a, duk mai son ganin zamani ya biyo ni."

Mata suka shige ɗakuna suka saki labule, maza suka cika tsakar gida, liman a gaba, Kalli a baya yana tauna goro. Da idonsa ya faɗa kan tiyon, goron ya tsaya masa a kumatu.

"Injiniya, wannan ba ganga kake cikawa ba."

"Kalli, yau ranar kallo ce, ba ranar tambaya ba."

Ya ja igiya. Injin ban-ruwa ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama, tiyo ya kumbura ya miƙe kamar maciji. Can sai farin akwatin ya yi ƙas, ɗan fitilarsa ya kawo. Malam Lurwanu ya juyo ya dubi taro ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya san an gan shi yana gani.

Ba Kolo ya tara yatsa a bakin famfo. Jama'a suka miƙa wuya.

"Ya ya?" in ji liman.

"Ɗumi-ɗumi. Kamar goshin mai zazzaɓi."

"Yanzu ya fara," in ji Malam Lurwanu, ya ƙara wa injin wuta.

"Allurar ba ta motsi," in ji Kalli. "Da wannan ƙarfin ya kamata ta wuce kore tuni."

"Tarbiyya ce. Ni na koya mata."

"Ka rage, Injiniya. Ba ka ganin abin da ke ciki."

Malam Lurwanu ya ƙara.

Katanga ce ta fara magana. Wani baƙin tabo ya bayyana a shafen nan mai sumul, ya yi faɗin faifai, ya yi faɗin tabarma. Wani siririn ruwan laka ya tsarto ya sami liman a rawani. Liman ya matsa gefe, ruwan ya bi shi. Sai katangar ta yi nishi, ta yi ciki, ta durƙusa a hankali kamar raƙumin da aka ce wa ya sauka, sannan ta kwanta gaba ɗaya cikin gidan Ya Fatime, da inji da agogo da geron da ya tsiro.

Allah ya tsare, ba ta faɗa wa kowa ba. Tabarmar yajin jego ta faɗa wa, wanda Ya Fatime ta daka ta shanya. Wani jan gajimare ya tashi ya rufe taron. Liman ya fara atishawa, ladan ya amsa, sauran jama'a suka bi sahu. Dattawan Geskeru da 'yan kasuwar Damagaram suka riƙa karo da juna suna hawaye suna neman ƙofa. Kalli ne ya lalubo injinsa ya kashe.

Da jan ya lafa, idanu suka buɗe, sai ga tsakar gidan Ya Fatime a fili. Ga murhu na ci bal-bal, ga rabin ganga a kai tana tafasa da ganyen dogon yaro, ga tulin itace ya kai kafaɗa. Ga Maimunatu tsaye da bokiti, ga Ya Fatime da ludayi.

Ba Kolo ya tsallaka ɓaraguzan, ya ɗauki ƙirare ɗaya ya juya shi.

"Wannan itacen na san shi. Ni na sare shi."

Maimunatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ranar da aka kore shi ta ƙofa, ta lungu ya zagayo, Baba. Ba a bar yarinya ko sau ɗaya ba wanka ba."

Ba Kolo ya tsoma yatsa a gangar, ya fizge da sauri ya sa a baki.

"Ya ƙone ka," in ji Malam Lurwanu, yana share laka daga gemu. "Jama'a shaida ne, ya ƙone shi."

"Ba a famfonka ba. Ba ma a gidanka ba."

"Ina iyakar gidana? Nuna min katanga. Yanzu duk tsakar gida ɗaya ce."

"Za ka ga iyaka in ka gama gina min ita," in ji Ya Fatime.

Kalli kuwa yana can yana tono cikin laka. Ya jawo tiyon da aka binne, sai ya fito da wani ɗan allon katako manne a jikinsa. Wata doguwar ƙusa ta ratsa allon, ta shiga tiyon ta tsakiya, ta leƙo ta bayansa. Kalli ya goge allon da gefen riga, ya ɗaga, ya karanta wa jama'a abin da aka rubuta da jan fenti:

"An hana kowa taɓawa sai Injiniya Lurwanu."

Wani ya yi atishawa, wani ya yi abin da ya fara kamar atishawa ya ƙare da dariya.

"Ga inda ruwanka ke tafiya," in ji Kalli. "Tun ranar da aka kafa wannan allon katanga ke sha. Wa ya buga ƙusar?"

Malam Lurwanu ya dubi sama. Ya dubi amalanken da ake hangowa ta zaure, shanu na kaɗa jela. Daga bayan labule jaririn ya yi ɗan kuka.

"Malam," in ji Ba Kolo, "yarinya ta sami wankanta, ba zan ɗauke ta daga hannun waɗannan matan ba. Amma abu biyu. Sauran kwana talatin da uku, kai za ka riƙa hura wutar nan safe da yamma. Na biyu, ka amsa wa Kalli, da ƙarfi, liman ba ya ji sosai."

Malam Lurwanu ya ɗauki hularsa daga cikin laka, ya karkaɗe, ya ɗora, ya karkata ta yadda ya saba. Ya karɓi tiyon daga hannun Kalli ya ɗaga shi sama.

"Ni na buga. Ranar farko da yamma, da na ga idanu sun yi yawa. Ba hassada, ba Annasara, allurar ma baiwar Allah gaskiya take faɗa, ni na liƙe mata baki. Amma ku duba da kyau kafin ku tafi. Katanga kamu biyu, tiyo kaurin yatsa, a binne, ba na ganinsa. Bugu ɗaya na same shi a tsakiya. A duk Diffa a nuna min wanda zai iya."

"Babu," in ji Ya Fatime, ta miƙa masa mafici. "Wuta na mutuwa."